Ko Ka San Akwai Na'urar da Sai an Ajiye Mata Jingina Kafin a Ba Ta Aiki?

Duk wanda ya taɓa karɓar Keke Napep bashi a garin Bauchi ya san ba a miƙa wa mutum makulli haka kawai. Sai ya kawo wanda zai tsaya masa. To ko ka san akwai kwamfutar da ita ma ba a yarda ta taɓa aiki sai mai ita ya fara ajiye dukiya, wadda za a yanka idan ta yi ƙarya?

Tana aiki ne a tsarin Ethereum, wanda aka buɗe a 2015. Ka ɗauke shi kamar littafin lissafi guda ɗaya da dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, babu banki a tsakani. Da farko ƙarfin inji da wutar da ya sha su ne ke ba mutum damar rubuta sabon shafi, kamar yadda ake yi a Bitcoin har yau. Ranar 15 ga Satumba 2022 aka sauya. Aka ce mai son na'urarsa ta zama mai shaida ya kulle ETH 32, kuɗin da a farashin 'yan shekarun nan zai sayi gida mai kyau a Bauchi. Wutar da tsarin ke ci ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100.

Ita kanta na'urar ba wata babba ba ce. Ƙaramar kwamfuta ce mai faffaɗar ma'ajiya, wadda sola da inbata za su ɗauka, muddin intanet ba ya yankewa. Duk bayan daƙiƙa 12 ana zaɓar guda ta rubuta sabon shafi, kuma kowace mai shaida tana sa hannu sau ɗaya cikin minti 6 da daƙiƙa 24, wato sau 225 a yini, dare da rana. Ladan kuwa bai taka kara ya karya ba, wajen kashi 3 cikin 100 ne a shekara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka raba laifi gida biyu. Idan an ɗauke wuta, na'urar ta yi shiru, tarar kaɗan ce, kusan daidai da abin da za ta samu da ta yi aikin. Amma idan ta sa hannu a kan shafuka biyu masu saɓa wa juna a lokaci guda, wannan shaidar zur ce: a zabge wani abu daga jinginar, a kore ta daga aikin gaba ɗaya, kuma sai an yi sama da wata guda kafin mai ita ya ga ragowar kuɗinsa. Idan na'urori da yawa ne suka yi laifin tare, hukuncin na ƙaruwa har ya iya cinye jinginar duka.

A nan ne mutumin Bauchi zai iya faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Mun saba da zaman ko-ta-kwana saboda wutar JED, kowane mai shago a Wunti yana da janareta a gefe. Sai mutum ya ga hikima ce ya kunna kwamfuta ta biyu da mabuɗin sa hannu ɗaya, idan wannan ta mutu waccan ta ci gaba. Ranar da suka farka tare, kowace ta sa hannu, tsarin ba ya tambayar niyya. Ko ƙwararru ba su tsira ba: a Fabrairun 2021 an hukunta na'urori 75 na wani kamfani mai kula da jinginar mutane, saboda wani gyara da aka yi ya sa suka sa hannu sau biyu.

Shi ya sa rabin sana'ar ba a kan inji take ba, a kan tattalin kuɗi take. Mabuɗai biyu ne. Ɗaya na sa hannu, yana zaune cikin na'urar kullum. Ɗayan na cire kuɗi, shi ake ɓoyewa nesa da intanet, domin wanda ya riƙe shi shi ne mai dukiyar. Jinginar kuma ba kuɗin cefane ba ce. Waɗanda suka fara kulle nasu a Disambar 2020 sai a Afrilun 2023 aka buɗe musu ƙofar cirewa, har yanzu ma sai an bi layi. Mai POS a kasuwar Muda Lawal zai gane wannan da wuri, tunda ya san ranar da ya haɗa jari da riba a aljihu ɗaya, ranar ce sana'a ta fara mutuwa. Dole a ware kuɗin data da batir da gyara daban. Irin wannan tsarin jingina ake bi a Filecoin ma, inda masu ba da hayar ma'ajiyar kwamfuta ke ajiye jingina, su kuma kawo hujja kowace awa 24 cewa kayan mutane na nan.

A 2024 matasanmu da dama a Yelwa da Gwallameji sun sha danna waya suna kiran abin mainin, amma ba irin wannan aikin ba ne. Wannan talla ce ta masu sabon kuɗi, babu littafin da ake tsarewa da ita. Malamai kuma sun saɓa kan hukuncin kuɗaɗen kirifto irin su ETH, ya kamata mutum ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa.

Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a ƙasar nan a Maris 2025 ta sanya irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar SEC. Don haka idan wani ya ce ka kawo kuɗi a haɗa a kulle maka, ka nemi ganin rajistarsa, ka tambaye shi wa zai biya idan an yanki jinginar, sannan ka tambaye shi a hannun wa mabuɗin cire kuɗi yake.