Man Difaransha a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu: Nawa Ne Ya Isa?

Gabatarwa

A Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja, damina kan faɗi a watan Afrilu, ta kai har watan Oktoba, ruwa kuma ya fi ƙarfi a watannin Agusta da Satumba. A daidai wannan lokaci ne malamin gona ya fi bukatar kai ziyara gonakin doya da masara da shinkafa a ƙauyuka irin su Rubochi da Gwargwada a Kuje, Yaba a Abaji, Dafa a Kwali, da Kawu a Bwari. Da zarar an sauka daga kwalta sai taɓo da rafuka masu malala zuwa kogunan Gurara da Usuma. Shi ya sa hukumomin aikin gona da manyan manoma suke dogara ga mota mai ja da ƙafa huɗu.

Direbobi da yawa ba sa wasa da baƙin man inji, amma sai mota ta shekara biyu ba a leƙa man difaransha ba. In kuwa difaransha ta ci kanta a tsakiyar damina, kuɗin gyara ya ninka na mai sau da yawa, taki ya makara, ziyarar manoma ta tsaya.

Mece ce difaransha?

Difaransha ita ce ƙullin nan mai kama da tulu da ke jikin aksil, inda farfela take shiga. Makanikai kan haɗa ta da aksil ɗin baya su ce bak-aksil. Aikinta shi ne karɓar ƙarfi daga farfela ta raba wa tayoyi biyu, ta kuma bar tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan mota tana shan kwana. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da difaransha biyu, ta gaba da ta baya, ga kuma akwatin raba ƙarfi a bayan giyabos. Kowannensu da mazubin mansa daban, cika ɗaya ba ya cika ɗaya.

Haƙoran difaransha ba juyawa kaɗai suke yi ba, suna goga juna da matsi mai tsanani. An fara sa irin waɗannan haƙora a motoci a Amurka a shekarun 1920, kuma tun daga nan aka ga cewa sai da mai na musamman suke ƙarko. Babu famfon da ke watsa mai a ciki. Babban faifan haƙora ne yake tsoma ƙasansa cikin mai ya fantsama shi zuwa sauran haƙora da boris. Saboda haka tsayin da mai ya kai a cikin tulun shi ne komai.

Nawa ake zubawa?

A jikin kowace difaransha akwai noti biyu: na ƙasa don zubar da tsohon mai, na gefe don zuba sabo. Ramin gefen nan shi ne ma'auni. Idan mota tana tsaye a wuri mai shafe, a zuba mai har ya kai leɓen ƙasa na ramin ya fara tsiyayowa. Nan ne ya isa. A littattafan gyaran motocin Toyota, bai kamata mai ya yi ƙasa da leɓen ramin da fiye da milimita 5 ba.

Adadin lita yana taimakawa ne wajen sanin yawan man da za a sayo. Ga kimanin abin da wasu motocin da aka saba da su suke ci:

1. Toyota Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015: difaranshar gaba kimanin lita 1.5, ta baya tsakanin lita 2.5 da 3.5 gwargwadon irin aksil, akwatin raba ƙarfi kimanin lita 1.
2. Toyota Land Cruiser jerin 70: gaba da baya kowacce tsakanin lita 2.5 da 3.
3. Tsohuwar Land Rover Defender: kimanin lita 1.7 a aksil na gaba, babban aksil na baya kuwa kimanin lita 2.3.

Ke nan wanda zai canja wa Hilux mai gaba da baya, lita 5 za ta wadatar da shi. A duba littafin mota don sanin ainihin adadi, amma kada a ce sai an juye dukkan abin da aka sayo. Idan ramin gefe ya fara tsiyaya, a dakata.

Illar rashin kai mai da illar wuce ƙima

Idan mai bai kai ba, boris ɗin da ke bakin farfela ne ke fara jin jiki. Alamar farko ita ce wani kuka siriri daga ƙarƙashin mota wanda ke ƙaruwa da gudu. In an ƙyale, haƙora su yi zafi su cinye, wani lokaci ma aksil ya cije ana cikin tafiya.

Wasu kuma sukan karkata mota don su ƙara ɗura mai, da tunanin yawansa alheri ne. Ba haka ba ne. Mai in ya yi yawa sai haƙora su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta kare ƙarfe. Zafi ya ƙaru, mai ya nemi mafita ta sil, daga nan ya jiƙa birkin baya. Mota ɗauke da buhunan masara a gangaren Bwari, birki kuma ya sha mai, wannan magana ce ta rai.

Wane irin mai?

A karanta jikin galan, a nemi abu biyu. Na farko alamar API GL-5, wato matakin da Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta ware wa man da ke jure matsin haƙoran difaransha. Na biyu lambar kauri. Ga tsofaffin motoci a yanayin zafi irin namu, SAE 90 ko 80W-90 ko 85W-90 aka fi rubutawa. Sababbin motocin Toyota da yawa suna son 75W-85. Idan difaransha mai hana taya ɗaya sulɓewa ce, wadda ake sa wa alamar LSD, sai an sa mata mai mai wannan alama, in ba haka ba za a ji tana ƙara a kwana.

Kada a zuba baƙin man inji a difaransha. Kada kuma a ɗauka man difaransha ya dace da giyabos, domin giyabos da yawa GL-4 suke so. A sayi mai a rufaffen galan wurin dillalin da aka sani, a guji wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya.

Yadda ake canjawa

1. A ɗan zaga da mota don mai ya yi ɗumi, sannan a tsayar da ita a wuri mai shafe, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi.
2. A goge taɓo daga kewayen notocin biyu.
3. A fara kwance notin gefe. In an fara zubar da mai sannan na gefe ya ƙi kwantuwa, mota ta zauna ke nan.
4. A tara kwano, a kwance na ƙasa. A duba maganaɗisun da ke jikin notin: laushin garin ƙarfe ba abin damuwa ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe alama ce ta a kai wa makaniki.
5. A mayar da notin ƙasa da sabon wasa, a ɗura mai da ɗan famfon hannu ko tiyo har ya kai leɓen rami, a ɗaure.
6. Bayan tafiyar farko a leƙa ko akwai yoyo.

Littattafan motoci da yawa sun sa a canja a kimanin kowace kilomita 40,000. Motar da ke jan kaya a ƙura da taɓo sai a gaggauta mata.

Hattara da ruwa

A saman kowane aksil akwai ɗan bututun shan iska. Idan difaransha mai zafi ta nutse a rafi mai sanyi, iskar ciki takan tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta wannan bututu ko ta tsohon sil. Don haka duk ranar da ruwa ya shanye aksil, a kwance notin gefe a tsoma yatsa. Idan mai ya koma fari-fari kamar kunu, ko ya bulbulo da kansa alhali ba a ƙara ba, ruwa ya shiga. A zubar nan take ko da jiya aka zuba shi. A riƙa kuma goge bututun, domin in taɓo ya toshe shi, mai zai fita ta sil.

Haka nan kada a bar mota irin Hilux a giyar ƙafa huɗu bayan an hau busasshiyar kwalta, kamar titin Gwagwalada zuwa Abaji. Yin haka yana murɗa farfela da haƙora, mai kuma ba ya maganin wannan.

Masu tarakta su lura

A taraktoci irin Massey Ferguson, aksil na baya da giyabos da na'urar ɗaga garma mai ɗaya suke sha, kuma ba irin na mota ba ne. Man tarakta na musamman ake sawa, a auna da sandar awo ko alamar da aka tanada. Tarakta mai ja da ƙafa huɗu tana da mazubi daban a aksil na gaba da kuma cibiyar kowace taya.

Kammalawa

Tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a kan ƙirci ko miki. A tara shi a rufaffen jarka a mayar gareji.

Ana shawartar malaman gona su buɗe wa kowace mota ɗan littafi, a rubuta rana da kilomita da irin man da aka zuba. A duba difaransha biyun a watan Maris kafin ruwa ya sauka, a sake dubawa a watan Nuwamba kafin a fara jigilar amfanin gona, da kuma duk ranar da aka ratsa ruwa mai zurfi.