RATAYA ZANE A ZAUREN NUNI: AIKIN ƘARSHE NA MAI ZANE

Kwana biyu ko uku kafin a buɗe nuni, wanda ya leƙa zauren ba zai ga abin sha'awa ba. Zai tarar da zane-zane a jingine da bango, fuskokinsu a rufe, ga tsani, ga guduma, ga lebur da igiyar awo, mai zanen kuwa yana kai da kawowa. Galibin mutane sun ɗauka aikin fasaha ya ƙare tun ranar da fenti ya bushe, abin da ya rage aikin kafinta ne. Ba haka al'amarin yake ba, musamman ga irin zanen da ake haɗa fenti da wasu kayayyaki, kamar ƙyalle, da takarda, da yashi, da ƙarfe, da duwatsun ado, watau zanen gauraye. Irin wannan zane yana da nauyi, yana da tudu da kwari, yana kuma jefa inuwa, saboda haka kamanninsa ba su tabbata sai ya hau bango.

Wannan hanya ta zane ta yi ƙarfi a Turai tun 1912, sa'ad da Pablo Picasso ya manna leda mai hoton saƙar kujera a cikin wani ƙaramin zanensa, ya kewaye shi da igiya a maimakon firam. A 1955 wani Ba'amurke, Robert Rauschenberg, ya ɗauki bargo da zanen gado da matashin kai, ya kafe su a jikin katako, ya kwarara musu fenti. Da a ƙasa ya shimfiɗa su, da kowa ya ce gado ne ya ɓaci. Amma ya tsayar da su a bango, sai mutane suka dube su da idon da ake duban zane. A nan ratayawar ce ta mai da kayan barci aikin fasaha.

A Nijeriya babu misalin da ya fi na Jimoh Buraimoh, mutumin Oshogbo, wanda aka haifa a 1943. Tun farko shi mai aikin lantarki ne, shi ke kula da fitilun dandali a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Duro Ladipo. Ya shiga koyon zane a wani taron horo da Georgina Beier ta gudanar a Oshogbo a 1964, daga baya kuma ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya lura da rawanin sarakunan Yarbawa da ake lulluɓewa da ƙananan duwatsun ado, sai ya riƙa shirya irin waɗannan duwatsu a zare, yana manna su layi layi a kan allon katako, yana cike sauran fili da fentin mai. Zanensa zai taimaka wajen gane matsalolin da za a ambata.

Kafin nan ya kamata a san cewa nunin mutum ɗaya ba tsohuwar al'ada ba ce. A babban nunin da ake yi a birnin Faris a ƙarni na 18 da na 19, akan cika bango da zane tun daga ƙasa har rufi, firam na gogar firam, kuma alƙalan nuni ke yanke inda kowa zai zauna. Wanda ba shi da gata sai a kai nasa can sama, inda ba a gani sai an ɗaga wuya. A 1855, da alƙalai suka ƙi karɓar wasu manyan zane-zanen Gustave Courbet, sai ya kafa rumfarsa kusa da wurin bikin, ya jera ayyukansa wajen 40, ya sa kuɗin shiga. Bai sami 'yan kallo yadda ya yi fata ba, amma ya nuna cewa mai zane yana iya riƙe ikon jera aikinsa da kansa. Wannan iko kuwa nauyi ne, domin in jerin ya ɓaci babu wanda zai ɗora wa laifi.

Abu na farko da ke gabansa shi ne nauyi. Zanen fenti a kan yadi, ƙusa ɗaya da waya sun ishe shi. Allon katako da aka lulluɓe da duwatsu ko ƙarfe kuwa ya ninka shi nauyi, waya tana iya tsinkewa, ko ta bar kan zanen ya sunkuyo gaba. Saboda haka akan kafa ƙugiya biyu a bayan firam, kowace da ƙusarta mai murɗi. In nauyin ya yi yawa akan tsaga katako biyu a karkace, a ɗaure ɗaya a bango, ɗaya a bayan zanen, su shiga juna, nauyin ya bazu a tsawon katakon duka. Tilas kuma a ƙwanƙwasa bangon a ji, don bulo na siminti da allon da aka yi shamaki da shi ba ƙusa ɗaya suke ɗauka ba.

Batun tsayi ya fi sauƙi, lissafi ne kawai. Yawancin gidajen nuni suna sa tsakiyar zane ta yi daidai da idon mutumin da ke tsaye, watau kimanin santimita 150 daga ƙasa. Alal misali, in tsayin zane santimita 120 ne, rabinsa 60, kansa zai kai 210. In ƙugiyar tana ƙasa da kan da santimita 10, sai a buga ƙusa a 200. Manya da ƙanana duka tsakiyarsu ke bin layi ɗaya, shi ya sa ido ke tafiya a zauren ba tuntuɓe.

Haske shi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo, kuma a nan ne zanen gauraye ya fi wahala. Zane mai shafaffiyar fuska yana karɓar haske kusan daidai ta ko'ina. Mai tudu kuwa, kowane dutse da kowane ƙulli yana da tasa inuwa. In fitila ta haska shi kai tsaye daga gaba, inuwar ta ɓace, zanen ya kwanta, wahalar da aka sha wajen manna duwatsu ɗaya bayan ɗaya ta tafi a banza. In kuma hasken ya sauko daga sama dab da bango, inuwar ta yi tsawo har ta haɗiye launi, kan firam ma ya duhunta saman zanen. Akan fara da karkata fitila kimanin digiri 30 daga tsaye, sa'an nan a yi ta gyarawa ana ja da baya ana dubawa. Duwatsun gilashi irin na Buraimoh suna ƙara wata matsala, domin suna mai da haske cikin idon mai kallo, har walƙiyar ta hana shi ganin siffar da aka zana. Ba abin mamaki ba ne a ce mutumin da ya fara da haska fuskokin 'yan wasa a dandali shi ne ya zaɓi kayan da haske ke wasa a kansu.

Ban da kyan gani, haske yana cin kaya. Masu adana kayan tarihi suna auna shi da ma'aunin da ake kira luks, sun kuma daidaita a kan kimanin 200 ga fentin mai, 50 ga takarda da ƙyalle. To, zanen da ya haɗa fenti da ƙyalle fa? Ƙa'ida ita ce a bi mafi rauni, ko da zauren zai ɗan yi duhu. Haka nan iska. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, gilashi da ƙarfe kuwa ba ruwansu da laima, saboda haka gam ɗin da ke tsakaninsu shi ke shan ja. Zanen da aka haɗa a Legas aka kawo Zariya ko Kano cikin hunturu yana iya bankarewa, duwatsu su soma zuba. Mai hankali yakan bar kayansa a naɗe su kwana a zauren kafin ya kwance, kuma ba ya rataya su kusa da taga ko bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Saura jeri. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna jeren ɗakin amarya ya san ba a kafa kwano na farko sai an zube kayan duka an dube su. Haka mai zane ke yi: ya jingina ayyukansa a gindin bango, ya yi ta sauya musu wuri. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ga inda ido zai fara faɗawa, can zai sa aikin da ya fi amincewa da shi. Ba ya haɗa masu hayaniyar launi biyu kafaɗa da kafaɗa, domin za su kashe juna. Zanen gauraye yana bukatar fili fiye da saura, don mai kallo yakan matsa gefe ya leƙi kaurinsa, hannunsa ma yakan yi ƙaiƙayin taɓawa, shi ya sa wasu ke ja layi a ƙasa.

Hukuncin da ya fi ciwo yakan zo a daren ƙarshe. Mai zane ya kawo ayyuka 30, zauren ya nuna masa 24 kaɗai zai ɗauka. Masu sabon hannu sukan matsa su duka su shiga, nunin ya koma kamar rumfar kasuwa. Wanda ya daɗe a sana'ar yakan zare shida ya mai da su cikin akwati, wani lokaci har da wanda ya fi cin masa watanni. Bayan haka sai a manna 'yar takarda a gefen kowane zane, mai ɗauke da sunansa, da shekararsa, da jerin kayan da aka yi shi da su, a ɗora lebur a kan kowane firam sau ɗaya, a share ƙurar da ta zubo daga ramukan ƙusa.