Ƙaramar amfilifaya, babbar murya: sirrin yana ga lasifika

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako.

In ka sayar da shanunka ko ka sauke kayanka a Kumasi, ka bi ta Ashanti New Town zuwa kasuwar Kejetia, wataƙila ka ci karo da tsohuwar amfilifaya mai kwalabe, irin wadda ke ja kamar garwashi in ta yi zafi. Da irin waɗannan kwalabe aka buɗe tashar ZOY a Ankara a 1935, tun kafin a ƙirƙiro taransisto a Amurka a 1947. Muryarta da daɗi, amma ƙananan cikinsu ba sa wuce wat 3 zuwa 10. Sai ka ji an ce maka, “Ai wannan ba ta da ƙarfi.” To, kar ka yi saurin yarda.

Kai makiyayi ka sani: shanu biyu, dusa ɗaya, amma wata ta fi wata nono. Haka lasifika take. Wata ka ba ta wat ɗaya ta cika tsakar gida, wata kuwa sai ka kasa kunne.

Duba bayan lasifikar ko takardarta, za ka ga lamba da dB a gefe. Wannan shi ne ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya, a nisan mita ɗaya. Akwatunan sifika na ɗaki yawanci 85 ne zuwa 90. Mai bakin kakaki, irin ta saman masallaci, takan haura 100.

Ga lissafin: duk ƙarin 3 a lambar nan daidai yake da ninka wat sau biyu. Ke nan wat 5 a kan lasifika mai 96 zai yi ƙara ɗaya da wat 40 a kan mai 87. Ka ga ashe ba sai ka zuba sidi a kan babbar amfilifaya ba. Sai dai mai bakin kakaki ta magana ce, kiran salla, wa'azi ko tallar kaya. Ba ta fitar da amon ganga.

Abu na biyu, om. Bayan amfilifayar akwai wurin ɗaura waya mai 4, 8 ko 16. Lasifika mai om 8, a kan 8 za ka ɗaura ta. In ka haɗa biyu masu 8, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 4.

Na uku, kuma shi ne mai cin kuɗi: kada ka kuskura ka kunna mai kwalabe ba lasifika a jone, taransifomarta na iya ƙonewa. Kar kuma ka sa hannu a cikinta, ko da ka zare ta daga soket, don tana riƙe wuta mai kisa. Bar wa mai gyara.

In a ruga kake da batirin sola, gaskiya mai kwalabe ba taka ba ce, dumama kwalaben kaɗai na shanye caji. Nemi ƙarama mai taransisto ta bolt 12, ka haɗa da lasifika mai babbar lamba.

Kafin ka biya, sa a haɗa su a gabanka, ka ja da baya taku ashirin ka saurara. Allah ya ba da kasuwa.