Ku dubi hayaƙin injin ban ruwa

Ƴan uwa manoman rani na bakin tabkin Madarunfa, in injinku ya soma tari, ya rage jan ruwa, kada ku yi gaggawar kai shi Maraɗi. Ku dubi hayaƙinsa tukuna.

In baƙi ne, isansi ya fi iska yawa. Galibi ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. Ku bari inji ya huce, ku kwance buji. In kansa baƙi ne, busasshe kamar gindin tukunya, kunkunniya ce kawai. A goge shi da buroshin ƙarfe, a share matata, a mayar.

Shuɗin hayaƙi shi ne mugun labari. Buji zai fito jiƙe da baƙin mai, igiyar tayarwa kuma ta zo sakwa-sakwa a hannu. Zobban fistan ne suka cinye, mai na haurowa yana ƙonewa. Gogewa ba ta maganin wannan. Wani maƙwabcina buji uku ya saya cikin wata guda, albasarsa na bushewa, kafin ya yarda. Sauya zobba aikin makaniki ne. Kafin ku same shi, ku duba mai kowace safiya, kada inji ya ƙone ana tsakar ban ruwa.