Tsofaffin 'yan sanda da fayilolin da suka sha ƙura

Daga 2003 zuwa 2015 tashar BBC One ta Ingila ta nuna wasan kwaikwayon New Tricks, kashi 107. Labarin ba shi da wata sarƙaƙiya. Rundunar 'yan sandan Landan ce ta kafa wani sashe mai suna UCOS, ta kirawo jami'an bincike uku da suka riga suka yi ritaya, ta ɗora musu shugaba mace mai kaifin baki, Sandra Pullman, ta ce su tono shari'o'in da aka gaza warwarewa shekara da shekaru.

Kowane tsoho da halinsa. Jack Halford yakan zauna a lambun gidansa yana yi wa matarsa da ta rasu hira. Brian Lane ya daina shan giya da ƙyar, amma ba ya mance suna ko ranar da abu ya faru. Gerry Standing kuwa, wanda marigayi Dennis Waterman ya fito a matsayinsa, ya san ɓarayin gari kamar yunwar cikinsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, Nigel McCrery, tsohon ɗan sanda ne, shi ya sa hirar ofis ɗin take da ƙamshin gaskiya.

Inda wasan ya yi wa mai kallo daɗin baki shi ne lokaci: cikin awa ɗaya an kama mai laifi. A zahiri abin da ke farfaɗo da tsohuwar shari'a yakan kasance wani ɗan abu ne da wani ma'aikaci ya adana bai zubar ba.

Dubi shari'ar Lesley Molseed, yarinya 'yar shekara 11 daga garin Rochdale da aka kashe a 1975. An ɗaure wani ma'aikacin haraji, Stefan Kiszko, ya shafe shekara 16 a kurkuku kan laifin da bai aikata ba. An sake shi a 1992, ya rasu shekarar da ta biyo baya. Tufafin yarinyar an riga an lalata su, amma wasu 'yan salatif da aka manna wa tufafin don ɗebo zare da ƙura suna nan a ɗakin gwaji. Daga jikinsu aka fitar da ƙwayar halittar DNA, wadda ta dace da ta wani mutum mai suna Ronald Castree. Kotu ta same shi da laifi a 2007, shekara 32 bayan kisan. Lokacin da aka adana salatif ɗin nan babu wanda ya san da gwajin DNA, domin sai a 1984 Alec Jeffreys ya gano dabarar a Jami'ar Leicester, kuma sai a 1995 Birtaniya ta buɗe rumbun adana DNA na ƙasa.

Haka aka yi da kisan Stephen Lawrence, matashi baƙar fata da aka daɓa wa wuƙa a Landan a 1993. Ɗigon jini da bai kai milimita ɗaya ba a jikin wata riga yana cikin hujjojin da suka sa aka ɗaure mutum biyu a 2012. Har doka sai da aka gyara a 2003, domin a iya sake gurfanar da wanda kotu ta taɓa wankewa idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito.

Wannan ne ke sa ni baƙin ciki idan na waiwayo gida. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a Legas a 1986, an harbe Ministan Shari'a Bola Ige a gidansa na Ibadan a 2001, kuma har yau babu wanda kotu ta tabbatar wa laifin. Cibiyar gwajin DNA da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 ma an cinna mata wuta a tarzomar Oktoba 2020.

Tsofaffin jami'an bincike muna da su a kowace jiha, suna zaune a ƙofar gida da abin da suka sani. Abin da ya rage wa hukumomi shi ne su gina ɗakin adana hujja da ruwa da gara ba sa shiga, su hana zubar da fayil ɗin kisan kai, sannan su nemi mutanen nan tun suna da rai.