Ga Rana Har Rana, Ga Ƙashi Na Ciwo



Jidda ba ta rasa rana ba, amma ƙarancin bitamin D ya yi mana yawa. Muna gani a saidaliyya: dattijuwa na kukan baya da cinyoyi, ba ta tashi daga sujada sai ta dafa bango, a ce tsufa ne. Ba kullum ba.

Fata ce ke ƙera wannan bitamin idan rana ta taɓa ta, shi kuma ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam, abincin ƙashi. Baƙar fata irin tamu ta fi buƙatar daɗewa a rana, mu kuwa daga mukayyif sai mota. Hasken da ya ratso gilashi ba ya wannan aikin. A fito tsakar gida ko kan soro da hantsi, a buɗe damtse da ƙwauri na ɗan lokaci.

Abinci yana taimakawa kaɗan: sadin, gwaiduwar ƙwai, madarar da aka ƙara wa bitamin.

Jariri mai shan nono a ɗiga masa IU 400 kullum, kada ƙafafu su gwame. Ƙwayar 50,000 kuwa ba ta kullum ba ce. Sai an auna jini, likita ya rubuta, don yawanta na cutar da ƙoda.