Yini guda a Sepang, filin tseren babura na Malesiya

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Da aka tashi, sai wani abokin aiki ɗan ƙasar ya dage cewa ba zan koma Abuja ba sai na ga Sepang, domin a ƙarshen makon ake gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya.

Da hantsin Lahadi muka kama hanya. Filin yana kudu da birnin, dab da babban filin jirgin sama, tafiyar kimanin awa guda a mota. Firaminista Mahathir Mohamad ne ya buɗe shi a 1999. Zagayensa ya ɗara kilomita 5.5, yana da kwana 15 da dogayen miƙaƙƙun hanyoyi biyu, inda babur kan wuce gudun kilomita 300 a awa.

Tun a wurin ajiye ababen hawa na fara mamaki. Dubban 'yan kallo sun zo a kan ƙananan babura irin na acaɓa, waɗanda suke kira kapcai. Direba da fasinja kowa da hular kwano, har mata sun ɗora tasu a kan hijabi.

A ciki kuwa, ga rana ga gumi, ga ƙarar da sai an toshe kunne. Abokin nawa ya nuna mini tsakuwar da aka shimfiɗa a bakin kwanoni don ta tsayar da wanda ya faɗi, da jami'ai masu tutoci, da motocin asibiti da ke jiran ko-ta-kwana. Kowane mahayi yana sanye da rigar fata mai jakar iska, wadda aka wajabta tun 2018.

A gabanmu akwai wani dattijo sanye da riga mai lamba 58. Lambar Marco Simoncelli ce, ɗan Italiya da ya rasu a wannan fili ranar 23 ga Oktoba, 2011, yana da shekara 24. A zagaye na biyu ya faɗi, baburan Colin Edwards da Valentino Rossi suka buge shi, hularsa ta fita, aka soke gasar. Dattijon ya ce yana filin a ranar, kuma tun daga lokacin bai sake tayar da babur ba sai ya ɗaure igiyar hularsa.

Bayan magariba muka zauna da shi da 'ya'yansa biyu a shagon abinci irin wanda suke kira mamak, muna shan teh tarik, wato shayi da madara da ake shiƙa tsakanin kofi biyu kamar na mai shayinmu. Da suka tambayi labarin gida, na gaya musu yadda aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, da yadda wasu mahaya suka kifa ƙwarya a ka lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a Janairun 2009. Yaran suka yi ta dariya.

Dattijon bai yi ba. Ya ce su ma ba su tsira ba, domin masu babura ne mafi yawan waɗanda ke mutuwa a titunan Malesiya, duk da cewa babbar hanyar Kuala Lumpur zuwa Klang tana da layin babura na musamman. A ganinsa, hana babur shiga gari ba ya rage buƙatar talaka gare shi. Sai dai a ba shi hanya, a kuma tsare dokar kullum.

Da na dawo, na tsaya a mahaɗar Nyanya ina duban masu acaɓa da fasinjojinsu, galibinsu ma'aikata masu sammakon zuwa ofis. Kawunan da ke da hula ba su taka kara sun karya ba.